Wasiƙa Daga Yankin Pfalz na Jamus: Abin da Mai Hawan Dutse Yake Samu a Nan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali baki ɗaya, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini, wato mene ne yake kai mutum mai hankalinsa daji ranar hutu, ya hau dutse ya sauko ba tare da ya yi farauta ko ya saro itace ba, kuma nawa abin yake ci.

Yankin da nake zaune sunansa Pfalz, a kudu maso yammacin Jamus, yana iyaka da Faransa. Daga gabas fili ne shimfiɗaɗɗe har zuwa kogin Rayin, daga yamma kuma daji ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,800, a tsakaninsu kuwa gonakin inabi ne suka bi gindin duwatsu, inda wata hanya mai tsawon kilomita 85 da aka buɗe a 1935 ta ratsa ƙauyuka tun daga Bockenheim har Schweigen a bakin iyaka. Wurin yana da ɗumi idan aka kwatanta da sauran ƙasar, har ɓaure yana nuna a jikin katangun gidaje. Duwatsun ba su da wani tsayi na a zo a gani, domin Kalmit, wanda ya fi kowanne a dajin, mita 673 ne kawai, alhali duwatsun Shere da ke kusa da Jos sun haura mita 1,800. Ta fuskar halitta dai ba su fi mu komai ba. Inda suka yi mana nisa shi ne hidimar da aka jera wa mai tafiya tun daga tashar jirgi har ƙolin dutse.

Shiga dajin kyauta ce, domin dokar gandun daji ta tarayya ta 1975 ta ba kowa damar shiga don shaƙatawa, ko da dajin mallakar wani ne. Babu shinge, babu mai karɓar kuɗin ƙofa, babu kuma matasan da za su tare ka su ce sai ka ɗauki ɗan jagora. Aikin ɗan jagoran fenti ne yake yin sa. A jikin itatuwa da duwatsu an shafa alamomi, wani jan ɗigo, wani shuɗin layi, wani koren gicciye, kuma kowace alama hanya guda take nufi, ta yadda idan ka kama jan ɗigo daga gari ka riƙe shi, zai kai ka inda allon farko ya ce zai kai ka. A mararraba akwai alluna masu sunan wuri da nisansa a kilomita. Akwai kuma wasu korayen alluna masu farin gicciye da lamba a jiki, waɗanda idan mutum ya karye ko numfashinsa ya sarƙe, sai a buga 112 a faɗi lambar, motar asibiti ta san daidai inda za ta nufa.

Na daɗe ina sha'awar yadda ake kula da waɗannan abubuwa, musamman da yake yawancinsu ba ma'aikatan gwamnati ne suka kafa su ba. Wata ƙungiya ce mai suna Pfälzerwald-Verein, wadda aka kafa a birnin Ludwigshafen a 1902, mambobinta suka shata hanyoyin, suka gina gidajen hutawa a cikin daji, kuma har yau tsofaffi da masu ritaya ne suke ba da lokacinsu kyauta suna dafa abinci da wanke kwanuka a da yawa daga cikin gidajen nan. A 2021 an sanya wannan al'ada a jerin al'adun gado na ƙasar. Idan ka tuna yadda ƙungiyoyin unguwa a Kano suke yashe magudanar ruwa kafin damina, to ruhin aikin ɗaya ne, sai dai su nasu ya wuce shekara ɗari bai yanke ba, kuma akwai rajista da kuɗin mamba da lissafi a rubuce.

Hasumiyoyin kallo su ne suka fi jan hankalin baƙo. Tunda itatuwa sun rufe kan duwatsun, mutum zai iya kaiwa ƙoli bai ga komai ba sai ganye, shi ya sa tun ƙarni na 19 suka riƙa gina hasumiya domin a leƙa ta saman daji. A kan dutsen Weinbiet, mai tsayin mita 554 a saman garin Neustadt, akwai wata ta jan dutse mai matakala a murɗe, ƙunci gare ta har idan wani yana saukowa sai ka manne da bango ya wuce. Daga samanta kana ganin gonakin inabi layi-layi, da babbar majami'ar Speyer, da bututun masana'antun Ludwigshafen, idan sararin sama ya washe kuma har duwatsun da ke ƙetaren Rayin. Ta kan Eckkopf, kusa da Deidesheim, ta ƙarfe ce, ana hango ƙasa ta tsakanin matakanta, kuma idan iska ta taso mai jin jiri gara ya tsaya a gindi. Can cikin tsakiyar daji akwai Luitpoldturm da aka buɗe a 1909, inda duk inda ka juya ba ka ganin komai sai tuddai masu duhun itatuwa. Waɗannan ukun ban biya ko sisi ba wajen hawansu. Na tuna Hasumiyar Gobarau a Katsina da matakalar Dutsen Dala, waɗanda tarihinsu ya girmi na waɗannan nesa ba kusa ba, amma baƙon da ya je can ba lalle ne ya sami allon da zai nuna masa abin da yake hangowa ba, balle banɗaki ko benci.

Sufuri shi ma yana da sauƙi. A watan Mayun 2023 aka fito da tikitin wata-wata a kan Yuro 49, daga baya aka ƙara masa kuɗi, kuma da shi mutum zai shiga jiragen ƙasa na kusa da motocin bas a faɗin ƙasar. Kada dai ka yarda da masu cewa jirgi ba ya makara a Jamus, domin yana makara, wani lokaci ma a soke shi gaba ɗaya, kuma ranar Lahadi bas ɗin ƙauye ba shi da yawa.

Inda kuɗi yake fita shi ne kayan sawa. Takalmin hawan dutse mai kyau, mai tudun ƙasa da ba ya zamewa kuma ruwa ba ya ratsa shi, yakan haura Yuro 100, rigar ruwa mai inganci ma haka, kuma idan ka juya wannan zuwa Naira sai ka ji kamar ka fasa tafiyar. Amma kayan suna da ƙarko, mai shago zai auna ƙafarka, ya sa ka taka wani ɗan gangare da aka yi a cikin shagon domin a ga ko yatsunka suna dukan gaban takalmin, kuma idan kayan suka nuna aibu cikin shekara biyu doka ta ba ka haƙƙin komawa da su. Babu ciniki, farashin da ke rubuce shi ne farashi. A nan kam na yi kewar kasuwar Kofar Wambai, inda za ka zaɓi takalmin gwanjo mai ƙwari ka taya, da kuma masu gyaran takalmi na bakin titi, domin a nan kuɗin sauya ƙasan takalmi yakan kusa kai rabin kuɗin sabo.

Batun abinci yana buƙatar natsuwa ga Musulmi. Gidajen hutawan nan suna da araha idan aka gwada da gidajen abinci na gari, kai za ka je kanta ka yi oda, ka ɗauko farantinka, ka mayar idan ka gama, kuma da yawansu tsabar kuɗi kawai suke karɓa. Sai dai abincin da yankin yake taƙama da shi, Saumagen, tumbin alade ne da aka cusa wa nama da dankali, tsiran alade kuma shi ne na biyu, har miyar wake ma sau da yawa da kitsensa ake dafa ta, don haka sai ka tambaya ƙarara. Abin da nake ci shi ne wani farin cuku mai laushi da albasa, da dafaffen dankali ko burodi, sai kuma kek. Abin sha kuwa, ruwan inabi marar maye da aka sirka da ruwa mai gas yana samuwa ko'ina, a cikin wani babban kofin gilashi mai lotsa-lotsa da ke cin rabin lita, wanda a cikin irinsa suke shan giyarsu, saboda haka ka tabbatar da abin da aka zuba maka. Babban tarko yana zuwa ne a watannin Satumba da Oktoba, lokacin girbin inabi, sa'ad da ake sayar da wani abin sha mai zaƙi da gurɓi-gurɓi a bakin hanya da sunan Neuer Wein. Ido zai ce maka ruwan 'ya'yan itace ne, alhali ya riga ya fara tsima, giya ce. Ruwan sha ma saye ake yi, ba a tarbar baƙo da shi kyauta yadda muka saba, gara ka cika gorarka a famfon gida, wanda ruwansa tsaftatacce ne.

A wannan lokaci na kaka ne kuma wani ɗan itace mai ƙayar ɓawo da suke kira Keschde yake zubowa a gefen daji, iyalai su fito da jakunkuna suna tsinta, a gasa a ci da zafinsa. Tsintar ɗan abin da za ka ci a gida ba laifi ba ne, amma tsinkar inabi a gonar mutane sata ce ko da babu shinge, haka nan ba a kwasar itacen girki sai an saya daga hukumar daji, kuma ba a kunna wuta sai a wurin da aka keɓe. Abin tsoro a dajin ba ɗan bindiga ba ne, har za ka ga tsohuwa ita kaɗai da sandunanta biyu a wurin da babu gida ko ɗaya kusa. Kaska ce abin kiyayewa, domin tana ɗauke da cuta, don haka ana sa dogon wando, idan an dawo gida kuma a duba jiki da kyau. Wurin salla babu, sai dai ka tafi da alwalarka da ƙaramar darduma ka sami gefe, kuma ban taɓa ganin wanda ya tanka mini ba.

Takalmin da ka ce in aiko maka saboda zuwa gona, ina ganin irin na nan zai yi maka nauyi da zafi, domin an yi masa shafi a ciki saboda sanyi. Akwai wani marar shafi mai shan iska da na gani, idan ka aiko mini da tsawon tafin ƙafarka a santimita zan saya in ba mai zuwa gida. A gaida Hajiya da yara.