Romaniya da Moldoba: harshe ɗaya, ƙasa biyu

Kogin Prut ne ya raba su, amma mutanen gaɓa biyun harshe ɗaya suke yi. Rabuwar ta samo asali ne a 1812, lokacin da Rasha ta karɓe gabashin kogin, wato Besarabiya, daga hannun Daular Usmaniyya. Yankin ya haɗe da Romaniya a 1918, Tarayyar Sobiyet ta ƙwace shi a 1940, sai a 1991 mafi yawansa ya zama ƙasar Moldoba.

Ta fuskar girma ba a haɗa su. Romaniya na da murabba'in kilomita 238,000 da mutum kusan miliyan 19, ga duwatsun Karpatiya masu kaiwa mita 2,544, ga tashar jiragen ruwa ta Konstansa a Baƙin Teku. Moldoba ba ta kai 34,000 ba, mutanenta ba su cika miliyan 3 ba, tudunta mafi tsawo mita 430 ne. Teku kuwa babu, sai ɗan guntun gaɓar kogin Danub a Jurjuleshti.

Inda baƙo ya fi ruɗewa shi ne kuɗi da iyaka. Kuɗin kowacce sunansa leu, amma na Bukarest, babban birnin Romaniya, daban, na Kishinau, babban birnin Moldoba, daban. Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007. Moldoba ta samu matsayin mai neman shiga ne a 2022. Ga kuma Transnistiriya a gabashin Moldoba, da ta ɓalle tun yaƙin 1992, inda har yau sojojin Rasha ke zaune kuma gwamnatin Kishinau ba ta da iko.