Gashin Kansar Bayan Hanci: Tsohon Salo Ko IMRT?

Kansar da ke tsirowa a saman maƙogwaro, can bayan hanci, ta fi yawa a kudancin Sin da Hong Kong da Arewacin Afirka, kuma tana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Wuƙar likita ba ta kai wa wurin cikin sauƙi, shi ya sa gashi, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi daga na'ura, shi ne babban maganinta, kusan Gray 70 (ma'aunin yawan hasken) cikin mako bakwai.

Tsohon salo yana harba hasken daga gefen fuska biyu, kai tsaye. Yana kashe kansar, amma yana ƙona abin da ya tarar a hanya, musamman manyan jakunkunan miyau na gaban kunne. Mutum ya warke, amma bakinsa ya bushe shekara da shekaru. Lomar abinci ba ta wucewa sai da ruwa, haƙora su lalace, barci ya gagara. Wannan wahala ce da ba a cika faɗa ba.

IMRT kuwa, wato salon gashin da ake sarrafa ƙarfin haskensa, sai an ɗauki hoton CT na cikin jiki, kwamfuta ta tsara yadda hasken zai zo ta kusurwoyi da dama, ƙarfinsa na sauyawa daidai da siffar ƙarin, yana kauce wa jakunkunan miyau da jijiyar ido da lakar ƙashin baya. Wani gwaji a Hong Kong a 2007 ya nuna yawan majinyatan da ke fama da tsananin bushewar baki bayan shekara ɗaya ya sauko daga kashi 82 cikin ɗari da tsohon salo zuwa kashi 39 da IMRT.

Tsada gare shi, kuma yana buƙatar ƙwararru da wutar da ba ta ɗaukewa. A ganina, duk inda ake da shi, shi ya kamata a ba majinyaci.