Ciwon gwiwar hannu: ɗamara, man shafawa, allura ko gashin ƙashi, wanne ya cancanci kuɗinka?

Ciwon da likitoci ke kira tennis elbow yana zama ne a kan ɗan ƙashin nan da ya turo ta wajen gwiwar hannu. Ka zo ɗaukar buta, ko murɗa makulli, ko musabaha, sai ka ji ya soke ka har ya gangaro wuyan hannu. Akasarin masu fama da shi ba su taɓa buga tanis ba: kafintoci ne, makanikai, mahauta, teloli, da mata masu daka da matse wanki. Jijiyar da ke ɗaga tafin hannu ce ta gaji ta fara lalacewa a inda ta manne da ƙashi, galibi ga 'yan shekara 30 zuwa 50.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka sani cewa mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Yawancin abin da ake sayarwa sauƙi kawai yake kawowa kafin jijiyar ta farfaɗo.

Ta farko ita ce ɗamarar hannu, siririn maɗauri mai ɗan matashi a ciki. Ana ɗaura ta kimanin yatsa biyu zuwa uku ƙasa da gwiwar hannu, ba a kan inda ke ciwon ba. Gwada ta tun a shago: ɗaura, ka damƙe wani abu da ƙarfi. In zafin ya ragu, saya. In bai ragu ba, bar musu kayansu. Safar roba mai rufe gwiwar gaba ɗaya ɗumi take bayarwa, aikinsu ba ɗaya ba ne. A sa ɗamara lokacin aiki, a cire kafin barci.

Tsakanin man shafawa da ƙwaya, na fi son man diclofenac, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Ibuprofen na 'yan kwanaki ba laifi, amma mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini ya tambayi likita tukuna. Ƙwayoyin haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna kuwa, a guje su.

Allurar sitiroid, maganin rage kumburi da zafi, ce ta fi ruɗar mutane, kuma a nan nake son a tsaya a yi tunani. Ana yin ta, cikin 'yan kwanaki sai mutum ya ji garau, ya koma kan guduma da murna. Amma wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a JAMA, mujallar likitoci ta Amurka, a 2013, ya bi marasa lafiya har shekara guda. Cikin waɗanda aka yi wa sitiroid, kashi 83 cikin ɗari ne suka warke ko suka samu sauƙi sosai, alhali waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai sun kai kashi 96. Ciwon ya dawo wa kashi 54 na masu sitiroid, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 12. Wato ka biya kuɗi ka sayi hutun 'yan makonni, ka tsawaita jinya. Maimaita ta kuma na iya raunana jijiyar, fatar wurin ta koɗe.

Ni dai inda zan zuba kuɗina shi ne wajen masu gashin ƙashi, irin sashen da ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin koyarwa. Ko zuwa kaɗan ka yi aka koya maka atisayen, sauran a gida ne. Ka ɗora hannu a kan tebur, tafin yana kallon ƙasa ya leƙo daga bakin teburin, riƙe da ƙaramar gorar ruwa. Ɗaga shi da taimakon ɗaya hannun, sannan ka sauke shi kaɗai a hankali. Sau 15, zagaye 3, kullum, na mako 6 zuwa 12. Ɗan zafi ba komai, in dai bai kwana ya ƙaru ba. Akwai sandar roba ta FlexBar da ake murɗawa don wannan aiki, mai fara amfani ya ɗauki rawaya ko ja, kore da shuɗi sun fi tauri. In ba ka samu ba, gorar ta wadatar. Ka kuma naɗe ƙotar kayan aikinka da tsumma ta yi kauri, ka riƙa ɗaukar kaya tafin hannu yana kallon sama.

Allurar PRP, wadda ake tace jinin mutum a mayar masa a wurin, tana da tsada, kuma nazarin 2021 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana auna shi, bai ga ta fi allurar da ba magani a cikinta ba. Mai ɗori ma ba hurumin sa ba ne, tunda babu karaya ko gocewa.

Tiyata sai an yi wata 6 zuwa 12 ana bin waɗannan hanyoyi ba sauƙi. Amma in gwiwar ta kumbura ta yi ja, ko yatsu na mutuwa, ko hannu ya ƙi miƙewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, kada ka tsaya sayen ɗamara, ka tafi asibiti a duba.