Wasiƙa daga Amurka: maganar tiyatar muƙamuƙi kyauta ga ɗalibin haƙori

Ƙanena, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya karatu, ya su Hajiya da sauran mutanen gida.

Saƙonka ya iso. Ka ce an gaya maka wai a nan Amurka duk ɗalibin likitancin haƙori da ke da matsalar muƙamuƙi irin taka, malamansa za su yi masa tiyata ba ko sisi, shi ya sa kake tunanin jingine maganar gyaran har Allah ya kawo ka nan. Maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma rabi aka kawo maka, kuma rabin da aka bari shi ne mai tsadar.

Bari in fara da abin da yake da araha da gaske. Asibitin makarantar haƙori a nan hawa uku ne. Akwai inda ɗalibai 'yan shekara ta uku da ta huɗu suke duba marasa lafiya, malami na zagayawa a kansu. Akwai na likitoci masu neman ƙwarewa. Sai na malaman da kansu, wanda farashinsa bai da wani nisa da na asibitin kuɗi. A wurin ɗalibai, wankin haƙori da ciko da cirewa da haƙorin roba sukan zo da ragin kashi ɗaya cikin uku, wani aikin har rabi. Sauran kuwa da lokacinka kake biya. Cikon da likitan waje zai gama kafin awa ɗaya, a wurinmu sai mutum ya kwana da shirin zaman awa uku, domin ba a wuce mataki ɗaya sai malami ya leƙa bakin ya sa hannu a kwamfuta. Kuma wannan rangwamen ba na ɗalibai ba ne, na kowa ne. Kullum ina faɗa wa mutanenmu a masallaci, Hausawan Gana da na Nijar masu tuƙin tasi da masu aikin sito, waɗanda ke danne ciwon haƙori da ƙwaya suna jiran ranar da za su je gida. Yana ba ni takaici in ga haƙorin da ciko kaɗai yake nema an bar shi har ya kai ga cirewa, alhali ga ƙofa a buɗe.

Dalilin da ya sa suke gudu shi ne a ƙasar nan an raba baki da sauran jiki. Inshorar lafiya daban, inshorar haƙori daban, kuma ta haƙorin yawanci ba ta biyan fiye da dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara. Hatta Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ainihin tsarinta bai ɗauki wankin haƙori ko haƙorin roba ba. Ka riƙe wannan rabuwar, don a kanta maganarka take.

Shi ɗalibi me yake samu? Ƙananan abubuwa kam yana samu. 'Yan aji suna wanke wa juna haƙori, suna ɗaukar wa juna awon baki, a makarantu da yawa ma a bakin juna ake fara koyon allurar kashe zafi. Makarantu da dama suna ƙara wa ɗalibansu ragi a kan na jama'a, kowace da ƙa'idarta. Wayar gyaran haƙori, wato siririn ƙarfen da ake ɗaurawa a haƙora don su jeru daidai, a wurin masu neman ƙwarewa ta fi ta waje sauƙi sosai. Cire haƙoran ƙurya, waɗannan na ƙarshe da ke fitowa bayan balaga, shi ma ana samun sassauci, don a kujerar makaranta ake yin sa kuma masu koyon tiyata suna buƙatar irin aikin. Duk abin da zai ƙare a cikin ginin makaranta, katin ɗalibi yana da amfani.

Tiyatar muƙamuƙi ba ta ƙarewa a ginin makaranta. A babban asibiti ake yi, da barcin tiyata cikakke, da kwana ɗaya ko biyu a gado. Daga nan takardun kuɗi huɗu ne za su biyo ka: ta likitan da ya yi aikin, ta likitan sa barci, ta asibiti, da ta mai ɗaura waya. Ga wanda ba shi da inshora, abin da aka fi ambata shi ne dala 20,000 zuwa 40,000, in muƙamuƙi biyu ne a babban birni yana iya wuce nan. Malaminka, komai ƙaunar da yake maka, ladan hannunsa kaɗai yake da iko da shi. Kuɗin ɗakin tiyata da gado da ƙarafan da za a ɗaure ƙashi ba nasa ba ne, ofishin kuɗi na asibiti kuwa bai san wani ɗalibi ba.

Na ga wannan da idona a kan wani ɗan ajinmu, ɗan Sudan. Matsalarku iri ɗaya ce: muƙamuƙin ƙasa ya rigayi na sama, haƙoran gaba ba sa haɗuwa, in zai ci tsire sai ya kai shi gefe. Babban likitan da ya duba shi mutumin kirki ne, ya gaya masa gaskiya. Ya ce da zai yafe nasa kason ma, abin da ya rage ya fi ƙarfin ɗalibi. In kuma aka bi ta inshora, yarjejeniyarsa da kamfanin ba ta ba shi damar share kason da aka ɗora wa majiyyaci ba don kawai sanayya. Shawarar da ya ba shi ita ce ya koma ya karanta takardar inshorar lafiya da jami'a ke tilasta wa ɗaliban waje su saya, ta lafiya ba ta haƙori ba, ya nemo shafin da aka jera abubuwan da ba a biya.

Nan ne ainihin kokawar take. Wasu tsare-tsaren sun cire tiyatar muƙamuƙi ɗungurungum, in naka haka yake, magana ta ƙare. Wasu kuma suna biya idan aka tabbatar lalura ce ba kwalliya ba. Tabbatarwar da takarda ake yi: hoton ƙashin kai ta gefe, awon tazarar haƙoran sama da na ƙasa da milimita, hotunan fuska, da wasiƙar likita mai bayyana cewa tauna ko magana ko numfashi sun taɓu. Shi ɗan ajin namu an fara ƙin amincewa da nasa, aka ce gyaran kama ne. Likitocin suka ɗaukaka ƙara da ƙarin awo, sannan aka yarda. Duk da haka ya biya kasonsa na shekara, wanda ya kai dubban daloli, ga kuɗin wayar haƙori daga aljihunsa. Ya samu sauƙi mai yawa, ban musa ba. Amma inshora ce ta ba shi, da malaman da suka san yadda ake rubuta wasiƙar da kamfani ba zai iya kaucewa ba. A ganina babbar ribar zama ɗalibin haƙori ke nan a wannan harka: kana kusa da masu sani, kuma kana fahimtar abin da ke cikin fayil ɗinka.

Wani abin da ba a gaya maka ba shi ne lokaci. Kafin tiyata sai an ɗaura waya wata 12 zuwa 18, bayanta kuma wasu watanni. Mu da muka zo da digirinmu daga gida, shirin da ake ɗaukarmu na shekara biyu ne zuwa uku, hutunsa gajere, kuma akwai adadin ayyukan da dole ka kammala a kan marasa lafiya kafin a yaye ka. Inshorar ɗalibi duk shekara ake sabunta ta, sharuɗɗanta na iya canjawa kana tsakiyar waya, ranar da ka gama karatu kuma ta kusa yankewa.

Abin da kuɗin ke saye kuwa, in ba ka gani ba sai ka ɗauka ƙari ne. Na zauna a wurin tsara aikin ɗan Sudan ɗin nan. An ɗauki sikanin kansa, an haɗa da na haƙoransa, sai ga ƙoƙon kan a allo ana juya shi ta ko'ina. Likita yana magana da injiniya ta intanet, a tura na sama gaba kaɗan, a mai da na ƙasa baya, a daidaita tsakiya, suna kallon inda jijiya ta bi. Daga wannan tsarin aka buga wata 'yar roba da za a sa tsakanin haƙora a ɗakin tiyata don ƙashi ya zauna daidai inda aka tsara. Yankan su ne dai waɗanda kake karantawa: na sama Le Fort na ɗaya, mai sunan likitan Faransa da ya bayyana layukan karayar fuska a 1901, na ƙasa kuma tsaga reshen muƙamuƙi da likita Obwegeser ya fito da shi a shekarun 1950. Duk ta cikin baki ake shiga, a ɗaure da faranti da kusoshin titaniyom.

Jinyar ce ba ta da rangwame ga kowa. Da na je duba shi fuskar ta kumbura har ban gane shi da farko ba, haƙora a ɗaure da ƙananan robobi, abinci sai ta sirinji mai 'yar tiyo da ake zurawa ta gefen kunci. Na dama masa kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa na tace, shi ne abin da ya fi shiga. Yana sha yana zuba a haɓarsa bai sani ba, sai na miƙa masa tawul, saboda leɓen ƙasa ya mutu. Jijiyar nan da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa tana jin jiki a wannan aikin. Yawanci ji yana dawowa a hankali cikin watanni, amma akwai waɗanda wani ɓangare ba ya dawo musu har abada, kuma dole ka san haka kafin ka sa hannu. Salla a zaune ya riƙa yi da farko. Ƙashi yana ɗaukar kamar mako shida kafin a fara maganar tauna, saboda haka ba aikin da za a sa gab da azumi ko jarrabawa ba ne.

In na kwatanta da gida, sai in ga kowane wuri da inda ya fi. A asibitocin koyarwa namu sanayya tana aiki. Ɗalibi ya kwanta, babban likita zai ce a kawo shi, manya su yi magana, 'yan aji su yi karo-karo, kafin ka ankara rabin nauyin ya sauka. Abin da ke cin kuɗi shi ne faranti da kusoshi da magunguna da kayan aiki. Hannu kuwa ba mu rasa ba. Likitocin fuska da muƙamuƙi na Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato suna ganin karayar hatsarin babur da manyan ƙari na muƙamuƙi da wasu takwarorinsu na nan sai a littafi suke gani. Ƙarancinmu yana wajen ƙwararrun masu ɗaura waya, da na'urorin tsarawa, da kuma layin ɗakin tiyata, inda mai ciwon da ke barazana ga rai dole ya riga mai cizon da bai daidaita ba.

Tiyatar fuska ta kyauta tsantsa da na sani ma a gida take. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana sake gina fuskokin da cutar ta cinye ba tare da karɓar kuɗi ba, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa masa. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Haka yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, ƙungiyar agaji ta Smile Train tana ɗaukar nauyin aikinsu a asibitoci da dama. In ka samu hutu ka je Sakkwato ka gani, zai ƙara maka son wannan fanni.

Ka tambaya ko za a haɗa da gyaran haɓa. Idan don kyan gani ne kawai, inshora ba ta biya, haka ma gyaran hanci. Akwai asibitocin koyarwa da masu neman ƙwarewa ke yin irin wannan da ragi, amma daga aljihu. Layin da kamfanonin suka ja ya yi kusa da wanda malamanmu suke ja tsakanin kawar da lalura da ƙarin ƙawa, suna kafa hujja da sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Naka lalura ce, tunda tauna ta taɓu, don haka kada ka sa wa ranka damuwa ta wannan fuskar.

Ga wanda inshorarsa ta ƙi, akwai ƙofofi biyu da ya kamata ya ƙwanƙwasa. Asibitocin da ba na riba ba doka ta wajabta musu rubutaccen tsarin tallafi ga marasa ƙarfi, sai dai in ba ka nemi fom ɗin ba, da wuya a miƙo maka. Sannan tun Janairun 2022 mai biya da kansa yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin aiki. Amma kada ka lissafa zuwa nan a matsayin hanyar araha. A makarantu masu zaman kansu da yawa, kuɗin shekara ɗaya in an haɗa da na zama ya haura dala 100,000. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne maganar da ka yi cewa wani zai ɗaura maka waya kafin nan don abin ya ɗan ɓoyu. Don Allah ka dakata. Wayar ɓoye matsala tana kwantar da haƙoran ƙasa baya, ta tura na sama gaba, wani lokaci har da cire haƙora. Wayar shirin tiyata kuwa akasin haka take yi, tana miƙar da kowane haƙori a kan ƙashinsa, har cizon ya ƙara muni kafin ranar aiki. In ka bi ta farko sannan daga baya ka zaɓi tiyata, sai an warware duk abin da aka yi, haƙorin da aka cire kuma ba ya dawowa. Ka je sashen fuska da muƙamuƙi nan asibitinku, ka nemi babban likita da mai waya su duba ka tare, su faɗa maka ko girman ƙashinka ya tsaya da kuma wace hanya ta dace da kai. Ka ɗauki hoton ƙashin kai na gefe da na zagayen haƙora, da hotunan fuskarka gaba da gefe baki a rufe ba tare da ka matse ba, ka turo mini. Zan nuna wa malaminmu, in aiko maka da abin da ya ce don ka kai wa naka likitocin su haɗa da nasu ra'ayin.