Kifin bluegill tsantsa ko ruwa-biyu: wanne za a zuba a tafki?

Masu ƙananan tafkuna a Amurka sukan yi tambaya: bluegill tsantsa za su zuba, ko ruwa-biyu, wanda ubansa bluegill ne, uwarsa green sunfish, wani kifi danginsa?

In ƙugiya ta kamo shi, dubi bakinsa. Na tsantsa ɗan tsuke ne, ga baƙin tabo a ƙarshen fiffiken bayansa. Ruwa-biyu ya fi faɗin baki, gefen fiffikensa ruwan ɗorawa, kuma ba ya jinkirin cafke tana.

Matsalarsa haihuwa: galibinsu maza ne, sai an riƙa sayo sabon iri. Tsantsa kuwa yakan hayayyafa har ya tsumbure, in babu bass, babban kifi mai cinsa yana rage shi.

Mai ƙaramin tafki da yara masu koyon fatsa, ruwa-biyu ya dace da shi. Mai kiwon bass ya ɗauki tsantsa, don bass ya samu abinci.