Firinta mai launi shida a ƙauye: abin da na gani

Duk mai son buga hotunansa da kansa a gida, kada arahar firinta ta ruɗe shi, ya fara tambayar kuɗin tawada tukun. Mai katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake sauyawa in ya ƙare, ba ta da tsada a shago, amma hoto ba rubutu ba ne, takardar yake shafewa baki ɗaya. Na taɓa riƙe irinta, hotunan hawan salla ɗaya suka tsotse ta tas. Ta leza kuwa ta takardun ofis ce, ga cin wuta.

Wadda nake aiki da ita yanzu Epson L805 ce, daga Beirut Road a Kano na sayo ta, na kawo ƙauyenmu kusa da Gumel. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai: dawakin salla, raƙuman kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da yaran gida. Tanki ne da ita a gefe, kana ganin tawadar da idonka, in ta yi ƙasa ka zuba. Kowace kwalba mil 70 ce, lambarta 673.

Abin da ya sa na zaɓe ta launi shida ne. Firintocin gida yawanci huɗu ne da su: baƙi, ruwan ɗorawa, shuɗi da ja mai ruwan hoda. Wannan an ƙara mata shuɗi da ja masu haske, kuma a fuskar mutum da sararin sama ake ganin amfaninsu. Na buga hoton Hajiyarmu tana zaune a inuwar darbejiya, na kuma buga shi a firinta mai launi huɗu ta wani abokina malamin makaranta. In ka kawo nasa kusa da ido, za ka ga ɗige-ɗige a kumatu. Nawa fatar ta fito sumul, har zanen da ke goshinta da ƙyallin leshin mayafi. Hajiya ta juya shi ta duba baya, ta ce, “Kai ɗan nan, a ɗakin naka aka wanke wannan?”

Wuta ba matsala ba ce. Wajen wat 13 take ci lokacin bugu, ƙaramar sola da inbata sun ishe ta. Sai dai a riƙa kashe ta da maɓallinta, ba daga soket ba, don kan da ke fesa tawadar ya koma mazauninsa ya rufu.

Inda aikin yake shi ne ƙura da zaman banza. Kowace firintar tawada, in ta daɗe ba a buga komai ba, ƙananan ramukan kanta bushewa suke yi, balle a hunturu ko zafin bazara irin namu. Sai ka ga layi-layi a hoto. Akwai wankin kai a cikin manhajarta, amma tawada yake sha, kuma yana cika soson da ke tsotse tawadar da ta zuba. Ni kowane mako sai na buga ko da hoto ɗaya ne, in gama in lulluɓe ta da tsohon zani. Wanda sai salla-salla zai taɓa ta, gara ya kai hotunansa shagon mai hoto a gari, ya huta.

Tawadar irin ta rini ce, launi ya fito raɗau amma ba ta jure rana. Wanda za a rataye a bango a sa shi a firem mai gilashi, sauran a albam. Takarda ina sayen mai sheƙi, mai faɗin inci 4 da tsawon inci 6, mai kaurin 200 gsm (ma'aunin nauyin takarda) zuwa sama. Da damina in ɗaure ta a leda saboda laima. Tawadar da ake aunawa a gora ba suna kuma, ba na kusantarta, kuɗin sabon kai ya ninka abin da mutum zai rage.

L805 ba ta sikanin, ba ta fotokwafi, kuma A4 ne iyakarta. Mai son haɗawa da takardun makaranta, Epson L3250 ta fi dacewa da shi. An kuma fitar da L8050 bayan L805, ita ma launi shida, lambar tawadarta daban, a kula wajen saye. In ta hannu za ka ɗauka, ka sa a buga takardar gwajin kai a gabanka, ka ga layukan launi shidan sun fito ba yankewa, sannan ka zaro kuɗi.