Yaƙin Biyetnam ko na Iraƙi: wanne ɗalibi zai ɗauka?

Ɗaliban tarihi masu son yin bincike kan sojojin Ostireliya sun sha tambayata wanne za su zaɓa cikin yaƙoƙin nan biyu, da yake kowanne ya raba kan al'ummar ƙasar.

Wajen samun bayanai, Biyetnam ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sojoji kusan 60,000 suka je tun daga 1962, 521 suka rasu, kuma gidan tarihin yaƙi na Kanbera, babban birnin Ostireliya, ya saka rahotannin rundunoni a intanet kyauta. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne tsarin 1964, inda ake jefa ƙuri'a da ranar haihuwa a ɗebi samari 'yan shekara 20 aikin soja dole. Daga nan fushin iyaye ya taso, har masu zanga-zangar adawa da yaƙin suka cika titunan birnin Melbon a watan Mayun 1970.

Iraƙi kuwa John Howard, firaministan Ostireliya na lokacin, ya tura sojoji wajen 2,000 a 2003, bisa zargin makaman ƙare-dangi da ba a gano ba. Sai a 2024 aka fara sakin takardun majalisar ministoci na shekarar 2003, don haka aikin zai ci lokaci, ga haɗarin faɗawa rikicin siyasa. Amma fili ne da ba a gama nomewa ba.

Mai digirin farko da lokaci ya ƙure wa, Biyetnam ta dace da shi. Mai digiri na biyu ko na uku da ke neman sabon abu, ya nufi Iraƙi.